Haihuwa a Bayan Gajimare

An ɗauke wuta a Kabala,
batirin kwamfuta saura kaɗan.
Hoton farko: baƙin gajimare, ƙirin,
ido ya duba ya dawo hannu rabbana.

Na juya ga hasken da ya gota ja,
wanda fata ke ji, ido bai gani.
Sai ga jinjirin tauraro,
ya ninka rana nauyi sau ashirin,
yana ƙona zanen goyonsa.
Faifan rediyo ya tsinto kukansa,
kukan da ya kamo hanya
tun kogin nan bai san gada ba.

Kakata Tasalla, ungozoma,
tafin hannu take ɗorawa a ciki,
sannan kunne.
"Akwai ɗumi," ta ce, "a dafa ruwa."

Allon ya mutu.
Na bar hannuna a kansa.