Baje Kolin Maiyama

Wata uku ina renon ta a bayan ɗaki,
Da ruwan wanke-wanke na shayar da kabewa.

Ta yi ƙiba har Manu ya auna ta da rawani,
Ya ce, "Ige, bana ke za a bai wa."

Daren jajibere akuyar Tumba ta tsinke,
Da asuba sai ɓawo na tarar, babu gyaruwa.

Ban yi kuka ba. Na jawo tulu daga ƙarƙashin gado:
Kauɗar tumatirin rani da curin daddawa.

Na aje faifaina can ƙarshen layi,
Gefen 'yan Aliero, albasarsu ta fi ƙirguwa.

Malamin gona, da biro maƙale a kunne,
Ya wuce ni, sai hanci ya tilasta masa dawowa.

Ya gutsura, ya lumshe ido, ya daɗe shiru,
Ya ce, "Irin ta kakata a Andarai kafin rasuwa."

Na biyu na zo: bokitin roba da fartanya.
Na ɗaya wani ne mai damin jar dawa.

Tumba ta zo barka, kai a sunkuye,
Akuyar na biye, ciki tim, ba ta ko kulawa.

'Ya'yan da ta rage na shanya bisa rumbu.
Baɗi, in da rai, da ƙaya zan yi kewayewa.