Mai Faci a Kwanar Gujungu

Ni ne mai faci a gindin ɗorawa,
inda kwalta ta karya kwana ta nufi Gujungu.
Hannuna duk sholisho, farcena baƙi ƙirin.

Bayan la'asar samarin ƙauye kan fito tsere,
su bakwai, wata rana tara,
daga gada zuwa rumfar mai rake.
Ladan wanda ya ci: kwalbar lemo guda
da kirari har mako ya zagayo.

Tasi'u ne gwaninsu.
Kekensa ba birki, diddige ne birkinsa,
silifa uku ya cinye a damina ɗaya.
Na ce kawo in sa maka roba, ko sisi ba na so.
Ya ce, Baba Haladu,
mai birki ai na biyu yake zuwa.

Ran kasuwa kanta ta taho da buhunan riɗi,
fitila ɗaya gare ta, ita ma tana gyangyaɗi.
Direban ya rantse bai ga kowa ba.
Na yarda.
Magariba ta yi, rigar kuma baƙa ce.

Wilin gaban yana nan rataye a reshe,
ya tanƙware kamar lauje.

Yanzu duk keken da ya zo shan iska
sai na ɗaura masa tsohon faifan sidi a kariya,
ya riƙa ƙyalli in mota ta hasko shi.
Wasu su yi dariya.
Wasu su ɓalle shi da sun sha kwana.

Jiya ƙanen Tasi'u ya turo nasa keken.
Bai ce uffan ba,
ya dai nuna min birki da haɓa.