Botiki Mai Famfo

Ranar da suka zo ana yayyafi.
Motoci uku a ƙofar gidan tsofaffi,
wani mai sabuwar hula ya sauke botiki mai famfo,
shuɗi, da tambarin jiha a gefensa.
Ya ce in matso in wanke hannu a ɗauki hoto.
Na wanke. Ba sabulu.
Aka ce in yi murmushi, na yi,
takunkumi ya haɗiye shi.

Ni ce Asabe, mai dafa musu gwate,
mai juya su a gado in baya ya yi tsami.
Su goma sha bakwai ne a lokacin.
Na san mai son acca da ruwa-ruwa,
na san wadda ba ta barci sai an bar mata fitila.

Baba Gyang ya yi shekara talatin a ramin kuza a Bukuru,
tari ya tare a ƙirjinsa tun ban zo duniya ba.
Da sabon ya iso, bai gane baƙo ne ba,
ya ce tsohon abokinsa ne ya ƙara murya.
Na buga lambar da suka liƙa mana a bango,
ta yi ta kuka kamar akuya a rijiya.
Kwana biyu, sai wata murya ta amsa:
mota ba mai, a yi haƙuri, a keɓe shi.
A keɓe shi ina?
Ɗaki huɗu gare mu, da labule ɗaya
wanda asu ya riga mu rabawa.

An hana ziyara.
Ɗan Hajiya Kande yakan tako daga Gangare ranar Juma'a,
ya tsaya bayan waya da ledar ayaba,
ita kuma ta manna tafi a gilashi
tana tambayata wane ne wancan mai kama da mijinta.

Makarantar Larai ma an sa mata kwaɗo.
Aka ce darasi ya koma rediyo, ƙarfe goma.
Mu da ba wuta, ba batir, ba rediyon.
Sai na riƙa goyo ta a tunani, ina janta a hannu,
in zaunar da ita waje, ƙarƙashin taga,
Baba Gyang ya ɗora akwatinsa a bakin tagar
ya ƙure murya.
Malamar ciki tana cewa, yara, ku buɗe shafi na tara,
tsofaffi bakwai suna amsa mata daga gado.
Malam Sha'aibu, tsohon akawun jirgin ƙasa,
har gyara mata lissafi yake yi.

Sun kai darasin ɗebewa a watan da sanyi ya sauko.
Sha bakwai a ɗebe ɗaya.
A ɗebe biyu.
Larai ta daina tambayar me ya sa muryoyin ke raguwa.
Da yamma mai sanarwa ya karanto alƙaluman jiha,
na kasa kunne ko zan ji namu biyar.
Ba su ciki. Ba a gwada su ba,
wanda ba a gwada ba, tsufa ne ya ɗauke shi.

Rediyon yana gidana yanzu.
Ba wanda ya zo neman gado.

Da za a buɗe makarantu, motocin suka dawo,
biyu wannan karon.
Na ɗauka magani ne, na gyara ɗankwali.
Botikin suka zo ɗauka.

Ran Litinin Larai ta dawo da ƙura a ƙafa,
ta ce, Mama, an kawo mana abin wanke hannu,
shuɗi ne, famfon yana ɗiga,
akwai tsaga a gindi an toshe ta da cingam.

Ni na toshe ta.
Na ce ta je ta cire kayan makaranta,
gwate na hucewa.