Bayan Labule

Ni ce Graciete, mai zuge mata zif.
Shekara talatin da ɗaya ina bayan labule,
allura a haƙori, ruwan zuma a kofi,
ina ƙirga numfashin Ermelinda.

Ta shigo Lisbon tana 'yar sha shida,
'yar mai tallar kifi, gishirin teku a gashinta.
Layin baya aka ajiye ta, ta tara cikin goma sha biyu,
a ɗaga ƙafa, a kafe murmushi,
ba mai sanin sunanta sai mai biyan albashi.
Ran da zazzaɓi ya kwantar da tauraruwa
aka cusa ta a rigar da ta yi mata yawa.
Faɗuwar wani tashin wani:
ta buɗe baki, kujerun sama suka miƙe.

Ta mutu sau ɗari huɗu a hannun masoyi guda
wanda a waje ko gaisawa ba sa yi.
Ranar da aka binne mahaifinta, da dare ta yi rawa,
ta dawo nan ta kifa fuska a tawul
minti uku, don iyakar hutun ke nan.
Na gyara kwallin, ta koma.

Yanzu saba'in da huɗu.
Gwiwa na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Muryar da ke taɓo rufi ta sauko hawa biyu,
mai piyano ya sassauto kiɗan a ɓoye.
Ta sani, ya san ta sani, ba wanda ya tanka.
Kaka take fitowa, waƙa ɗaya tal,
baitin da ke kuɓuce mata
na rubuta shi a bayan maficinta.

Ɗazu yarinyar da ke jan wasan ta leƙo,
hannu na karkarwa.
Ermelinda ta ce, "Rabu da layin gaba, sun ƙoshi.
Rera wa na can sama
da ya haƙura da abincin dare ya sayi tikiti."

Ƙararrawa ta biyu.
Ta dafa kafaɗata, matakala bakwai, ɗaya bayan ɗaya.
A bakin haske ta miƙo min sandarta.
Baya ya miƙe, haɓa ta ɗaga,
ta taka kamar ciwo bai san gidansu ba.

Ni ina nan cikin duhu,
sandar da sauran ɗumi a hannuna,
ina jiran minti shida su cika.