Mai Faci a Cikin Injin Hoto

Shekara ashirin da biyu ina faci a bakin titin Gujungu.
Tub ba ta taɓa yi mini ƙarya ba:
in hura ta, in nutsa ta a rabin duro,
inda ta yi kumfa, nan ne.
Sai ga nawa cikin ya lalace, ba kumfar da zan bi.

Gudawa ta ci mini damina biyu.
An ce basir, na sha saiwa.
An ce shawara, na sha sabara har harshena ya mutu.
Wandon sallah ya fara zame mini,
Kande ta ƙara wa mazagi ƙulli, ba ta ce komai ba.

A Kano Dakta Suwaiba ta ce hanji ne ya kumbura,
jikina ne ke yaƙar kansa,
kamar karen da ya ga jelarsa ya ɗauka baƙo ne.
Ta rubuta allura, duk mako biyu,
allurar da ba ta son zafi, a ƙasar da zafi ne ɗan gida.
Tana kwana a firjin Ɗan'azumi mai kemis
kusa da ƙullin zoɓo.
Firjin da hasken rana yake aiki.
In hadari ya haɗu, ni ma ina duban sama,
amma ba don gero ba.

Ranar hoto aka ce in cire zobe, tsaba, makullin shago.
Aka ba ni gora biyu in shanye,
ruwa mai zaƙi-zaƙi, kamar an wanke cokalin zuma a ciki.
Suka kwantar da ni, suka tura ni ramin MRI.
Na yi kalmar shahada, don wurin ya yi kama da wani wuri.
Sai ƙara ta tashi,
irin ta kwampiresona ranar da fistin ya ci.
Riƙe numfashi, in ji wata murya.
Saki.
Ni da nake sayar wa mutane iska,
yau ana auna mini tawa.

A hoton farko bangon hanjin ya yi kauri,
fari fat, kamar gefen tayar tirela a hasken fitila.
Takwas, in ji ta, ta rubuta.

Wata shida, na koma da kumatu.
Malmala biyu nake tashi da ita, na ce mata, na warke,
a bar allurar nan, ta cinye mini tunkiya uku
da rabin gonar Ilu ƙanena.
Ta juyo mini allon.
Biyar.
Farin ya ragu, amma yana nan, siriri, a lungu.
Ciwon ya yi shiru ne, ta ce, bai tashi ba.

Ban yi musu ba.
Na san irin wannan hujin:
mai babur zai biya ka, ya yi godiya,
sai ya kusa Ringim taya ta zauna.

Hoto na uku Laraba mai zuwa ne.
Kande ta riga ta ƙulle kuɗin mota a bakin zane.

Ɗazu wani yaro ya kawo tub ɗin keke.
Na nutsa ta, na riƙe.
Baba, ai ba kumfa, ya ce.
Na ce, jira.