Alli a Cikin Murfin Inji

Kolade ya zo garejina da hantsi,
Agege na tafasa, danfo na zagin danfo.
Ya ajiye mini jar mota mai ƙofa biyu,
cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare,
ya ce, "Baba Sallau, ƙarfin doki ɗari shida nake so."
Na ce, "Mati, kawo wa baƙo benci."

Na ɗaga murfi. Turbo sabo fil
daga Ladipo, ko leda ba a gama ɓare masa ba.
Fistin kuwa na ranar sunan motar ne,
lagireto bai fi faifai ba.
Na sa yatsa a birki, na ji kunya a madadinsa.

Na ce, yaro, wanda ya sayi gudu
ya ci bashin tsayawa,
kwana kuma ba ta karɓar "sai gobe".
Lambar da ka gani a wayarka ta ƙasar sanyi ce,
inda iska ke shiga inji kamar ruwan randa.
Tamu ta Legas jiƙe take, tururin tukunya ce,
fetur ɗinmu yau mai gaskiya, gobe Allah masani.

Ya ce abokinsa na Lekki ɗari biyar da hamsin gare shi.
Na ce, zagaye nawa yake yi kafin a kira janwe?
Ya dubi takalminsa.

Ban ba shi labarin Jatau ba,
wanda na cika wa lambar da ya roƙa, shekara tara ke nan.
Yana nan bakin titin jirgi, katin waya yake sayarwa,
a zaune.
In na wuce, shi ke fara gaishe ni. Wannan ne ke ci na.

Na ɗauki alli, na rubuta a cikin murfi:
ɗari uku da tamanin.
Sai taya huɗu masu riƙon kwalta,
man birkin da ba ya tafasa, lagireto babba,
kuloci, bel mai kama kafaɗa, hular kwano.
In allurar zafi ta taɓa jan layi, ka ɗaga ƙafa,
ko da budurwarka ce ke riƙe da tuta.
Kuɗin da ya tara don ƙara
duk suka tafi a abin da ba ya fita a hoto.
Mako uku gaisuwarsa ba gishiri.

Asabar, filin da suka yi haya can bayan Epe,
kwalta tsakanin kwakwa da fadama,
tsofaffin tayu jere a kowace kwana.
Agogo a hannuna, Mati da tukunyar kashe gobara
rungume kamar jariri.
Zagaye ɗaya, biyu, muryarta ras.
Na huɗu har na fara yi wa kaina kirari a zuci.
Na bakwai sai na ji ta sassauta,
ta gangaro mana a hankali, murfi na huci.
Allura ta hau ja. Ya ɗaga ƙafa, kamar yadda muka yi.

Ashe ni ma na yi zari.
Shekara talatin da ɗaya ina shan baƙin mai,
rana ɗaya ta Epe ta gyara mini lissafi.
Na tofa wa babban yatsa yawu, na goge tamanin,
na rubuta hamsin.

Ya cire hula, gumi har cikin ido.
"Baba, ragewa kuma?"
Na ce, ragewa, sai ta yi goma ba ta yi haki ba.
Ya daɗe yana kallon allin,
sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, kada abokai su ji,
"A kwana ta uku ma, ban iya taka ta duka ba."

Mati ya sayo gasasshiyar ayaba da gyaɗa.
Muka zauna a inuwar motar, mu uku,
inji na ƙas, ƙas, ƙas, yana hucewa,
ba wanda ya ce a yi sauri.