Kumfa a Tiyo

Puerto Montt, sha ɗaya ta ɗan gota.
Ruwan sama na dukan taga tun asuba.
Zuciyar Eleodoro Cárcamo na kwance shiru a buɗaɗɗen ƙirji,
ni da injina muke riƙe mata aiki.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Nawa idon ya bar tulun jini.
Takardar gwaji na juya in karɓa.
Ko da na waiwayo, tulun ya ƙafe,
ga fari na gudu cikin jan tiyo
kamar carbin da ya tsinke.

"Iska!"
Hannuna ya riga bakina:
na kashe famfo, na datse tiyo biyu.

Likita Oyarzún ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Nibaldo, kai ƙasa."
Gado ya sunkuya, ƙafafu sama,
don kumfa mai son tudu ce.
Nibaldo ya danne jijiyoyin wuya,
ya saki oksijin zalla,
aka naɗe kan da ƙanƙara.

Ta zare bututu daga babbar jijiya,
na kore iska, na cika shi,
ta soka shi a hanyar da jini ke saukowa daga kai.
"Tura baya. Sannu. Sanyaya."
Kogi ya koma mafarinsa.
Minti ɗaya. Biyu.
Muna kallon 'yar ƙofar da ta bari
tana tofar da kumfa ruwan hoda,
ta ragu, ta ragu,
sai jini tsantsa.

Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana nutso,
yana ɓamɓaro katantanwa a ƙasan tekun Chiloé,
yana hawowa sannu, yana tsayawa a hanya,
kada jininsa ya yi kumfa.
Teku ba ta ci shi ba.
Sai a tudu, a hannuna.

Da yamma aka sa shi a ɗakin ƙarfen masu nutso,
inda matsi ke murƙushe kumfa.
Na sami matarsa Herminia a baranda.
Na ce ni ne.
Ba ta tanka ba, tana ta murza hular ulunsa a cinya.

Kwana biyu, ya buɗe ido.
Aka ce matsa hannu. Dama ya matsa.
Hagu ya yi nawa,
can ɗan ali ya motsa.
Ya tambaya ko an ɗaure kwalekwalensa.

Har yau in na zuba lemon kwalba a kofi
ba na sha
sai ƙwayar ƙarshe ta fashe.